Bahaguwar da Na Hango Daga Kan Lori

Shekarun baya, ina saurayi, ni da abokina muka hau bayan lori daga ƙauyenmu za mu garin Managil. Lorin ta tsaya ɗaukar buhuna daf da katangar makarantar 'yan mata, kuma daga saman kaya ana hango filinsu. Ƙwallon raga suke bugawa. Wata doguwa ta daka tsalle, gyalenta ya tashi, ta maka ƙwallon da hannun hagu, ta faɗa inda babu wadda ta zata. Filin ya ɗauka, "Shola, shola."

Na tambayi abokina ko sunanta ke nan. Ya yi dariya ya ce, "Kai mutumina, haka Larabawa ke kiran bahaguwa. A wasan nan kowa na son bahago a ɓangarensa, ba a sanin ta inda zai ɓullo. Rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

A lokacin littattafan soyayya na kasuwa sun gama cinye min kai. Duk wanda na samu, na Larabci ko na Hausa da matafiya ke zuwa da su, sai na haddace. Kafin lorin ta tashi na riga na aure ta a zuciyata, na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Da na bincika, ashe Bahaushiya ce, 'yar ƙauyen da ke tsallaken tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakinmu. Na fara zuwa zance, ina jera mata kalaman littafi, tana danne dariya. Duk da haka ta amince.

Mahaifiyata tana gasa kisra, gurasar dawa mai falle-falle, na kai mata maganar. Ta saurara da fara'a, har na kai ga yabon yadda yarinyar ke buga ƙwallo da hagu. Nan fuskarta ta canja.

"Bahaguwa? Ita za ta tuƙa tuwon gidan ga da hagu, ta miƙa wa ubanka jabanar gahawa da hagu?"

Na ce, "Inna, da dama take cin abinci, kamar kowa."

Ta ce, "Magana ta ƙare. Nemi wata."

Ban yi mamaki sosai ba. A gidanmu babu mai tsananin maganar hagu kamarta. Ko gishiri ka miƙa mata da hagu, sai ta bar ka tsaye har ka gane laifinka. Mahaifina kuwa ya ce shi ba zai tura manya ba sai da yardarta. Na rame, na daina cin abinci a gaban mutane, kamar yadda jaruman littattafaina ke yi. A ɓoye nake ci.

Ana haka lokacin tsinkar auduga ya zo, duk gida muka fita hawasha, wato gonarmu. Yayata ta kwantar da jaririnta a inuwar buhuna. Da hantsi na ɗago kai na ga maciji yana jan jiki, ya kusa zanin yaron. Mahaifiyata ta fi ni nisa da wurin. Ta sunkuya, ta ɗauki busasshen hoge, ta jefa. A kai ta same shi. Kafin ya gama murɗewa ta ƙara masa na biyu a wuri ɗaya.

Kowa ya ruga wajen yaron. Ni na tsaya ina kallonta. Hannunta na dama babu komai a cikinsa, da hagu ta yi jifan. Kuma yadda ta juya kafaɗa, sak irin na yarinyar nan a fili. Ta ga na gani. Ta tura hannun cikin tobinta, wato mayafin da take lulluɓa da shi.

Da la'asar na same ta ita kaɗai a rakuba, rumfar tsakar gida. Ban san yadda zan fara ba, ita ta fara. Ta buɗe tafin hannunta na hagu, mai tabon da tun muna yara aka ce mana zamewa ta yi ta dafa kaskon kisra.

Ta ce, "Ban zame ba. Sabuwar amarya nake, na miƙa wa kakanka ruwa da hannun ga a gaban baƙi. Aka kwana ana maganata a gari. Kakarka ba ta ce min uffan ba, sai dai ta daina cin abin da na dafa. Ni da kaina na ɗora shi a kan kaskon, don in ya tashi miƙuwa ya tuna."

Kaskon yana gefe, a jingine da bango, wanda muka ci abincinsa duk rayuwarmu.

Ta ce, "Ba ƙin ɗiyar mutane nake ba. Ba ni son a kawo ta gidan da na san abin da yake yi wa irinmu."

Na ce, "Inna, ai yanzu ke ce gidan."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, kai da littattafanka."

Ranar Juma'a ta yafa tobinta ta tsallaka tur'a da ƙafarta, ta tafi gidan su yarinyar. Bayan girbin dawa aka ɗaura aure. Ranar da amarya ta fara girki, mahaifiyata ta zauna a bakin murhu, ta ɗauki muciya ta danƙa mata a hagu, a gaban 'yan'uwan mahaifina mata. Babu wadda ta tofa.

Na karanta labarai da yawa na mutanen da ke ɓoye sirri, ina ganin na ƙware. Ashe na girma a cinyar mace ban san hannunta ba. Har yau in na ji ƙamshin kisra a kasko, sai na tuna tabon nan.

Da tsufa ya zo mata, shanyewar ɓarin jiki ta kama damanta. Mata suka cika ɗaki suna jajen yadda za ta rayu da hagu. Ba a jima ba matata ta shiga ta tarar da ita tana zura zare a allura, ta maƙale allurar a matashi. Likita a Managil ya ce bai taɓa ganin tsohuwa ta koyi hagu da sauri haka ba. Mahaifiyata ta dubi matata, ta yi murmushi da rabin bakinta, ta ce, "Faɗa mishi ba koyo na yi ba. Hannuna ne ya dawo gida."