Gogen Musa ɗan Sin

A bakin Inna na fara jin sunan Kawu Buraima, tun ban san mai shi ba. Ƙofar kicin ɗinmu a gidan da muke a unguwar Dira tana da wani kuka idan an tura ta, duk sanda ta yi sai Inna ta ce wa Baba, "Inuwa, don Allah a sa wa gogen Buraima mai." Shekarata tara lokacin, a 1982, ba mu daɗe da biyo Baba Riyad ba.

Sai wata Juma'a ga wani dogon mutum ya yi sallama, ya ce, "Azumi, har yanzu ba ki iya miya ba, ko dai an samu sauƙi?" Inna ta ce, "Zauna, maroƙi, ai mu ba mu hana almubazzari abinci." Ashe shi ne Kawu Buraima, taubashinta ne, tare suka tashi a Haɗeja. Mahaifinsa mai goge ne, shi kuwa ya bar sana'ar ya kama tuƙi, har ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, a wani kamfanin gina hanya yana jan tankar ruwa. Amma da gogen tsohon ya zo, yana naɗe a ƙarƙashin gadonsa, don a garin nan ba a kiɗa a fili.

A sansanin ma'aikata ya haɗu da Musa, wani Musulmi ɗan Sin da ya zo daga Taiwan, mai gyaran injuna. Kawu ya ce wata rana yana wucewa ta bayan gareji ya ji kuka irin na goge, amma siriri, kamar na mace. Ya leƙa ya ga mutum zaune da wani abu a cinya, tsirkiya biyu, fatar mesa a fuskar abin, izgar kuma a maƙale tsakanin tsirkiyoyin ba ta fita. Erhu ake ce masa. Kawu bai taɓa kiransa haka ba, gogen Sin yake cewa. Larabcin kowannensu bai wuce na "yalla" da "mafi mushkila" ba, amma ya ruga ya ɗauko nasa, daga ranar suka ɗinke.

Ranakun Juma'a bayan la'asar sukan fita bayan gari, can gaba da Badi'a inda babu kowa sai duwatsu. Baba yakan tafi da ni, tun ban fara lulluɓi ba. Akwai wani Basudane mai udu, molon Larabawa, da wani ɗan Filifin mai jita wanda waƙoƙin Turawa kawai ya sani. Shi zai ɗora kiɗansa, Musa ya bi ta sama a hankali yana lanƙwasa murya, Kawu ya shigo da taken noma na Haɗeja ya hargitsa kowa. Sai Basudanen ya aje udunsa ya ce, "Ya Buraima, wallahi kai ba ka da birki!" A yi ta dariya, a sake daga farko. Shayin da muke sha a wajen duk ƙasa-ƙasa ne, amma ban ƙara shan mai daɗinsa ba.

A 1986 aka tura Musa wani aiki a kudu, ya bar wa Kawu gogen Sin amana. Na mahaifin Musa ne da ya rasu, ya nuna da hannu cewa tun yana yaro da wannan muryar yake barci. Kawu ya riƙe shi da kyau, har wata safiya da ya ja izga ya ji sautin ya yi sanyi. Duk mai goge ya san maganin wannan: a shanya a rana, fata ta ɗame. Haka ya ga ubansa yana yi. Ya jingina shi a jikin bango ya tafi kai ruwa. Ranar Riyad kuwa ba irin ta gida ba ce. Da ya dawo, fatar mesar ta tsage gida biyu.

A gidanmu ya zo ya zauna, abin a gabansa, ko ruwa bai sha ba. Inna ma ranar ba ta tsokane shi ba.

Baba ya ce, "Ka faɗa masa gaskiya kawai."

"Zan faɗa, Inuwa. Amma in miƙa wa mutum gawar abin ubansa?"

Babu mesa a ƙasar nan, amma akwai damon sahara da Larabawa ke farauta suna ci. Kawu ya roƙi wani makiyayi fatar guda, ya jeme ta a baho a saman rufinmu, ya ɗaura yadda ake ɗaura ta goge. Da ta bushe ya ja izga. Gogen ya yi magana, amma muryar ta yi kauri, ta ɗan shaƙe. Inna ta ce daga kicin, "To, ɗan Sin ya koyi Hausa."

Ina wurin ranar da Musa ya dawo, a can bayan gari. Kawu ya ba shi gogen da tsohuwar fatar a cikin hankici, ya nuna rana, ya nuna ƙirjinsa. Musa ya daɗe yana shafa sabuwar fatar da yatsa. Ya ja izga sau ɗaya ya tsaya. Ɗan Filifin ya fara kiɗa don ya rufe shirun, Musa ya bi shi, Kawu ma ya shigo da nasa gogen, kuma ranar ce kaɗai na ji gogen biyu sun tafi tare har ba na iya raba su. Da za a tashi ya sa hankicin a aljihu, ya miƙa wa Kawu gogen ya ce, "Khalli indak." Wato ya zauna a wurinka. Bai yi murmushi ba, bai kuma ɓata rai ba. Ba a jima ba kwangilarsu ta ƙare, ya koma ƙasarsu.

Kawu bai taɓa sanin ko kyauta aka yi masa ko ƙin karɓa aka yi ba. Yakan tambayi Baba, ya tambayi Basudanen, kowa da amsarsa. Bai sake kaɗa shi ba, sai dai ya fito da shi ya goge ƙura, ya shafa wa izgar ƙaro ya mayar.

A 1989 ciwon baya ya sa kafilin Kawu, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya yi masa takardar fita ta ƙarshe. Na gama sakandare ke nan. Ana gobe zai tafi ya kawo gogen Sin gidanmu, ya wuce Baba da Inna ya aje a gabana.

"Biba, ke ce ba kya manta abu a gidan nan. In Musa zai dawo nema, Riyad zai zo, ba Haɗeja ba. To idan ya zo, kada ki miƙa masa a bakin ƙofa. Ki sa babanki ya shigo da shi, a ba shi shayi, ya zauna ya kaɗa ko sau ɗaya ne. Ki ɗauka mini a kaset ki aiko. In na ji hannunsa zan gane ko ya yafe."