Kuwabara, Wanda Ba Ya Ɗaga Tarago da Hannu

Duk Asabar, ƙarfe tara daidai, Kuwabara Tomeji yakan tuɓe takalmansa a ƙofar ɗakin ƙungiyarmu, ya sa farar safar hannu, ya rusuna wa 'yar ƙaramar tashar jiragen ƙasa na kaya da muka shimfiɗa a kan tebur biyu. Shekara talatin da takwas ya yi yana haɗa taragu a tashar gaske kafin ritaya. Yanzu taragunsa ba su fi tsawon yatsa ba, amma wa ya isa ya faɗa masa? Jirgi ba ya motsawa sai ya nuna hanya da yatsa ya ce, "Layi na uku, lafiya lau." Ko da shi kaɗai ne a ɗakin.

Bara shugabar gidan taron unguwa, Shinozaki-san, kamar yadda muke kiranta don girmamawa, ta ce za ta ba 'yan rawa ɗakin, tunda a ganinta tsofaffi ne ke wasan yara. Ta ba mu minti goma mu nuna mata amfaninmu. A ranar kuwa taragon kifi, wanda ya kamata ya fara fita, ya shige layin taragun siminti, can ƙurya bayan taragu shida.

Hasebe, ɗan ƙungiyarmu, tsohon likitan haƙori, ya lallaɓa hannu zai ɗauko shi.

"Likita, tan talatin ne wannan," in ji Kuwabara. "Kai da haƙori ɗaya ke sa ka gumi."

"Tsoho, roba ce fa. Ɗakin za mu rasa."

"A rasa. Amma ba da hannu ba."

Ya ja taragu biyu, ya ajiye, ya koma, ya busa usur, ya sake ja. Minti goma suka wuce. Mu dai muka sunkuyar da kai. Wajen minti na ashirin da biyar sai ga muryar shugaba: "A'a, ka fara fitar da na katakon mana, shi ya tare hanya."

Kuwabara ya dube ta, ya dubi layin, ya rusuna. "Gaskiyarki, shugaba."

'Yan rawa suna bene na biyu yanzu, ɗakin yana hannunmu. Shugaba kuwa wata takwas ke nan tana riƙe mana tutar ba jirgi hanya. Kuwabara ya ce ba ta kai tuƙi ba tukuna.

Kuwabara-san, dattijon layin dogo, kai ne ka nuna mana cewa ƙanƙantar kaya ba ta rage nauyin aiki. Mun gode ƙwarai. Mai son koyi da kai, ƙofarmu a buɗe take. Sai dai ya shigo da hannayensa a aljihu.