Inusa Mai Rezo da Sunan Jikarsa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Matameye ya san Inusa mai rezo, wato mai sayar da netwok, ko bai san shi ba ya ga antenoninsa a kan rufin shaguna. Gyaran rediyo ya fara yi, sannan ya shiga cin rani a Kano, inda ya koyi haɗa wifi. Shekarun nan sun ci masa abu guda da har yau yake jin zafinsa: yana can aka haifi 'yarsa Najaha, kuma a tasha, a bakin wani direba, ya ji sunanta, ana cikin hirar tsadar mai.

Da ya dawo gida sai ya kafa nasa wifin. Antena a tasha, antena a kasuwa, wasu a unguwanni, dukkansu kuma suna karɓar umarni daga wani ɗan akwati a shagonsa, wanda yake kira uwar ɗaki. Amma fa Inusa, bawan Allah, kunya ta yi masa yawa. Alhaji Isufu mai hatsi ya ce, "Inusa, a ɗan ƙara wa antenar shagona ƙarfi mana," sai ya ƙara. Shugaban direbobi ya roƙa, ya ƙara. Surukin maƙwabci ma ya samu. Kowace antena da tata alfarmar, uwar ɗaki kuwa tana zaune ba mai tambayar ta. Ranar kasuwa manya su kwashe rezon kaf suna kallon fim, matan unguwa da mazansu ke Najeriya su yi ta "Alo? Alo?" har su gaji.

Sai ga Najaha ta zo gida haihuwar fari, ta sami 'ya mace. Mijinta Marwan yana Legas, aiki ya hana shi zuwa. Ya aiko cewa yana so a kira shi ta bidiyo ya faɗa wa liman sunan da bakinsa, ya ga 'yarsa. Ranar suna kuwa, tashin hankali, ta faɗo daidai ranar kasuwa!

"Baba, zai yiwu kuwa?" in ji Najaha.

Inusa ya shiga lissafi. Ya san antenar unguwarsu ita ce marainiya a cikinsu.

Ana gobe suna, bayan la'asar, ya buɗe ordinatarsa, wato kwamfuta, ya shiga uwar ɗaki, ya nufi saitin da ke hawa kan antenoni duka a lokaci guda. Ya yanka wa kowace waya rabo daidai. Ya sa kira, na murya da na bidiyo, ya riƙa wucewa gaban fim da waƙa. Akwatin ya gargaɗe shi cewa duk wani saiti na musamman zai goge. Nan hannunsa ya tsaya, don fuskar Alhaji Isufu ce ta faɗo masa a rai. Sai kuma ya tuna direban nan da tsadar mansa. Ya ce bismillahi, ya danna.

Da safe kasuwa ta fara cika, ƙofar gidan Inusa ma ta cika. Ga Alhaji Isufu ya iso, ko zama bai gama yi ba ya ce, "Inusa, yau me ya sami rezona ne? Tafiyar hawainiya yake yi!"

"Alhaji, a yi haƙuri, yau tuwon kowa malmala ɗaya ce. Gobe ma haka."

Alhaji ya buɗe baki, sai wayar Inusa ta yi ƙara. Fuskar Marwan ta fito tar, ba yankewa, ba daskarewa. Ya gaida surukinsa cikin ladabi, aka miƙa wa liman wayar, ya ce, "Malam, sunanta Amatullahi." Kowa ya ji, har na bayan tabarma. Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida.

Inusa ya karɓi wayar ya shiga da ita da kansa, ya riƙe ta saitin fuskar jaririyar. Marwan ya yi ta kallo. Murna ta cika Inusa, ya daɗe tsaye riƙe da wayar. Najaha ta ce, "Baba, kawo in riƙe, ka gaji."

"Bar ni," in ji shi. "Naki sunan a tasha na ji shi. Wannan sai ya kalle ta ya ƙoshi."