Tabon da Ba Ƙwallo Ce Ta Yi Shi Ba

Assalamu alaikum jama'a. Na san na yi ɓatan dabo. Masu turo saƙo suna cewa, "Gola, ko kulob ka samu a waje ka tsere ba sallama?" ku yi haƙuri. Gadon asibiti ne ya riƙe ni, sai yau na ji zan iya ba da labarin.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai tsaron raga ne a wasan hoki, da shi nake ci da iyalina. Ba irin na Turawa da ake yi a kan ƙanƙara ba, ko da yake ina yawan kallon golayensu a waya ina haɗiyar yawu saboda kayan kariyarsu. Namu a fili ake yi, da sanda da ƙwallo mai tauri kamar goriba.

Lokacin da na fara, da ƙafa nake takowa daga Badarawa, jaka a ka. Hular kwano ɗaya ce a kulob ɗin, kullum tana warin gumin wanda ya riga ni sawa. Kariyar ƙirji kuwa soso ce, wani mai ɗinkin kujeru a Rafin Guza ya haɗa mana. In an tashi atisaye, mu golaye sai mu zauna a gindin mangwaro mu yaye riga, kowa yana nuna inda ƙwallo ta tara masa jini. Wanda tabonsa ya fi yawa shi ya yi aiki, shi ake saya wa kunun aya. Kocinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "Golan da ya koma gida jikinsa sumul, kallo ya zo."

Wallahi ina kewar zamanin nan.

Shi ya sa bara da tabo ya fara fito mini a cinya da haƙarƙari, murna ma na yi. Na ce ashe da saurana. In gasa da ruwan zafi, in shafa man zafi, in koma raga. Dasashina ya fara jini, na ce buroshi ne. Gajiya kuwa na ɗora wa shekaru. Sabo turken wawa.

Matata, Maman Hanifa, ita ta gano. Muna hutun azumi, babu wasa babu atisaye, ta ga sabon tabo a gadon bayana.

Ta ce, "Baban Hanifa, wace ƙwallon ce ta biyo ka har ɗaki? Kuma tun yaushe gola yake tarewa da baya?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Washegari haɓo ya ɓarke mini ya ƙi tsayawa, har tawul ya jiƙe sharkaf. Maƙwabta ne suka kai ni asibiti.

Aka ɗebi jini. Likitar da ta kawo sakamako ta ce ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sun kusa ƙarewa a jikina. Ta tambayi sana'ata. Ina faɗa mata ta ajiye biro.

Ta ce, "Malam, da ƙwallon nan ta same ka a ka, da ba kai nake yi wa bayani yanzu ba."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a gaban bugun fanareti.

Aka yi gwajin ɓargo, allura har cikin ƙashin ƙugu. Ni da ban taɓa cewa wayyo a fili ba, ranar sai da na kira sunan Inna. Jiran sakamako ya fi allurar ciwo, don ana tsoron sankarar jini ce. Alhamdu lillahi ba ita ba ce, garkuwar jikina ce take cinye ƙwayoyin.

Aka ce ana buƙatar jini. 'Yan wasanmu suka cika barandar asibiti, Musulmi da Kirista, kowa ya naɗe hannun riga. Dauda, mai tsaron baya a kulob ɗinmu, ya leƙo ya ce, "Gola, shirmen da muke yi kana rufa mana asiri fa? Karɓi jini ka yi mana shiru."

Magani da tsada, babur ɗina a nan ya tafi. Maganin ya kuma kumbura mini fuska, har Hanifa ta ce na koma fanke.

Duk wannan, tambaya ɗaya ce a raina: zan koma raga? Duk safiya in likita ta zo zagaye sai na tare ta da tambayar, ta ce, "Bari mu ga jinin tukuna."

Jini ya daidaita. Ranar sallama likita ta jawo kujera ta zauna.

"Za ka yi aiki, za ka yi gudu in ka so. Amma raga ka bar wa wasu. Ciwon nan yana iya dawowa ba sallama."

Na juya fuska bango na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Makon jiya na je fili gaishe su. Ina tsaye a bakin layi, wani ya sheƙa ƙwallo ta saki hanya ta nufo ni gadan-gadan. Ƙirjina har ya yi gaba da kansa. Sai na kauce. Ta wuce ta daki shingen waya.

Filin ya yi tsit, don babu wanda ya taɓa ganin na matsa wa ƙwallo. Dauda ya tako ya dafa kafaɗata. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma da ƙafata na koma gida.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da duk wanda jininsa yake yawo a jikina yanzu. Maman Hanifa, Allah ya saka miki da Aljanna.

'Yan wasa, ku ji ni da kyau. Duk tabon da ba ka tuna bugun da ya yi shi ba, ka ajiye man zafi ka je a auna jininka. Haɓon da ya ƙi tsayawa da dasashi mai jini ba abin a yi jarumta a kai ba ne. In kana da lafiya, ka ba da jini.

Golayen da ke raga yanzu, don Allah ku tare har da rabona.