Hular da Inna Daso ta aika Dingyaɗi

A Dandin Mahe, shekara talatin ke nan, duk jaririn da aka haifa lokacin ɗari hular Inna Daso yake fara sawa. Ita ke kaɗa zarenta da mazari, ta haɗa da jan ulu na kasuwar Shagari, ta saƙa launi biyu tare: zare ɗaya yana aiki a gaba, ɗayan yana bin baya sako-sako. Gwanintar duk a na bayan nan take. Ka ja shi da yawa, hula ta tsuke, ko kan ɗan tsako ba zai shiga ba. Daso kuwa ba ta ko dubawa, yatsa ke gaya mata.

To, bara waccan yatsun suka fara mutuwa. Har garwashi ta taɓa ɗauka, ba ta sani ba sai da ta ga ƙuna. Dama tun rasuwar mijinta komai ya zame mata ɗaya, saƙar ce kaɗai ke tayar da ita daga tabarma. Ta ci gaba abinta. Mata suna karɓa suna cewa, "Madalla Inna, hannu na nan!" Yo wa zai buɗe baki?

Da jikarta Basira ta haihu a Dingyaɗi, Daso ta saƙa hula ja da fari, ta aika. Ranar suna ta tarar da jariri sanye da shuɗiyar hular kanti.

"Ina wadda na aiko?"

"Tumbuɗi ya yi mata, Inna, an wanke," in ji Basira, ido a ƙasa.

Da azahar Daso ta shiga ɗakin ajiya neman buta. Ga hular rataye a ƙusa, cike tam da irin albasa, baki a tsuke, ko ɗauri ba ta buƙata. Kusa da ita wasu uku, waɗanda ta saƙa bara wa jariran gidan.

Ta tsaya tana jiran kunya ko haushi. Cikinsu babu wanda ya zo mata. Ta shafa hular, ba ta ji komai a yatsa ba.

Mode, mijin Basira, ya leƙo, ya ce:

"Inna, wallahi ko ƙwara guda ba ta zubarwa."

Daso ta ɗauki butar.

"Guda nawa kaka so bana?" ta ce.