Suna na Bakwai

Shekarar da mijin Léontine ya rasu, ƙanƙara ta rufe hanyar coci har gwiwa. Ranar Lahadi da ta leƙo, sai ta tarar an share wata siririyar hanya tun daga ƙofarta har bakin cocin. Ba wanda ya ce shi ne, amma ta gane sawun Firmin Vialatte, don jan ƙafar hagu yake yi.

Firmin haifaffen Brugeyrac ne. Da aka sa shi makaranta su talatin da ɗaya ne a aji, ƙauyen na da mutum ɗari huɗu, ga maƙeri, ga gidan burodi biyu. Ya gaji tumakin mahaifinsa, ya yi aure, 'ya'yansa suka tafi Toulouse kamar 'ya'yan kowa. A kan idonsa aka rufe makarantar, burodi ya koma sai mota ta kawo ran Talata, fadan coci kuma sai sau ɗaya a wata. Da aka rasa mai so, aka jibga masa magajin gari. Shi ke gyara famfo, shi ke ɗaura aure in an samu, shi ke kiran motar asibiti.

Yana da shekara saba'in da huɗu, mutanen ƙauyen sun koma arba'in da ɗaya, sai ga takarda daga ofishin lardi: zaɓe na tafe, majalisar ƙauye sai da mutum bakwai. In ba su cika ba, za a haɗe Brugeyrac da maƙwabcin ƙauyensu Peyrelong, a riƙa mulkinsu daga can. Peyrelong kuwa, tun kakanni ba su shiri saboda rikicin makiyaya.

Ya bi gida-gida. Wannan ya ce gwiwa, waccan ta ce ido. Da ƙyar ya haɗa shida, har da shi kansa, da Marcelin da ba ya ji sai an yi ihu, da wani ɗan Holan da ya sayi tsohon gidan niƙa, wanda kome aka faɗa sai ya gyaɗa kai.

Sai ya ɗora ransa kan Ranar Tsarkaka, ranar da duk wanda ke da kabari a ƙauyen yake dawowa da tukunyar furanni. Motoci suka cika dandali kamar da. Firmin ya sa rigar Lahadi, ya tsaya a ƙofar maƙabarta da takarda da biro, yana tare mutane. Da yawansu har yanzu sunayensu na cikin masu zaɓen Brugeyrac, shi ya sa ya ɗauka 'yan gari ne. Suka sumbace shi, suka yabi shara da yankan ciyawa, suka wuce.

Ɗan ƙanwarsa Thibaut, da ke aiki a Lyon, ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe magajin gari, ai ina nan dawowa. Ga filina can gefen kabarin Kaka, na riga na kama."

"A kwance ba ni da amfani da kai. Taro huɗu ne a shekara, yaro."

"Kawu, awa biyar ce a mota."

"Amma furen gawa ka kawo shi a awa biyar ɗin."

Kafin ƙarfe huɗu dandalin ya koma wayam, maƙabarta ta yi fes da furanni, takardar na nan da suna shida.

Léontine na cikin coci tana kashe kyandirori ya shigo. Bai taɓa tunkararta da zancen ba, don ya san tana da shekara goma sha uku ta bar makaranta, kuma ba a taɓa jin muryarta a taro ba sai a addu'a. Ya zauna a benci na ƙarshe yana ta masifa shi kaɗai: matattu sun fi rayayyu baƙi, nan gaba ɗan Peyrelong ne zai riƙe makullin cocin nan. Ita dai ta ci gaba da aikinta. Can ya cire hula, ya shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa.

"Léontine, ba zan sa ki magana ba, na rantse. Ki zo ki zauna kusa da murhu, in an ce a ɗaga hannu ki ɗaga. Ara mini sunanki kawai, wa'adin shekara shida ne."