Baƙin Zare a Zariyar Wandonsa

Shekara talatin maigidana yana tuƙa babbar mota daga Dilimi a nan Jos, har zaman ya tara masa tumbi. Da ya ajiye tuƙi, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa kullum don ya rage kitse. Ranar farko ko bakin titi bai kai ba ya dawo yana haki, ya ce ƙafafunsa sun manta aikinsu.

Maƙwabciyata mai sayar da kayan miya ce ta koya mini wani haɗi: zogale, citta da koren ganyen shayi, a matse lemun tsami a ciki. Ta ce yana ƙara ƙarfin tafiya, yana narkar da kitse. Kullum da safe nake dafa masa. Yakan yamutsa fuska ya ce, "Tsohuwa, me na yi miki da zafi haka?" Amma yana shanyewa. Cikin wata biyu sai ga shi yana kaiwa Gada Biyu ya dawo.

Ba mu da sikeli, ni kuma ban san lamba ba, sai na riƙa awo da zariyar wandonsa. Duk Juma'a in ya ɗaura, in ɗinka baƙin zare daidai inda ƙullin ya tsaya. Zare ya yi uku, ya yi biyar, ina murna, har a gidan suna ina ba mata labari. Da ya rage cin tuwo na ce aikin magani ne. Da ya daina kaiwa Gada Biyu na ce sanyin Jos ne, na ƙara citta. Wata Juma'a ya ce cikinsa na ciwo, ko mu koma asibiti. Na ce ya bari, kitsen ne ke narkewa.

'Yarmu ce da ta zo daga Bauchi ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Ta ce, "Inna, wannan ba raguwa ba ce. Baba ramewa yake yi."

A asibiti aka ce ciwon daji ne a cikinsa, ya daɗe. Likita ya ce ganyen bai cuce shi ba, jinkirin ne. Ina kuka a gefen gadonsa, maigida ya ce, "Haba tsohuwa, ai tare muka yi murnar." Bai ƙara wata guda ba Allah Ya karɓi abinSa.

Zariyar tana cikin adakata, zare tara a jiki. Idona ya yi rauni yanzu, amma yatsana ya san na shida. A kan wannan zaren ne maigida ya ce mu koma asibiti. Duk ranar da na taɓa shi sai na yi kuka. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.